Ruwan zartsi da kayan gida a Kano: yadda ake gane shi, da yadda ake ceton buta, hita da injin wanki

A Kano ba za a nuna ruwa ɗaya a ce shi kowa yake sha ba. Wani gidan famfo na kawo masa daga matatar Tamburawa ko ta Challawa, wani daga Watari, wani kuwa ya shekara bai ga ɗigon famfo ba, sai burtsatse, ko rijiyar tsakar gida, ko kurar 'yan garuwa. Gidaje da yawa duk wanda ya samu shi suke juyewa a tanki ɗaya. Shi ya sa hitar maƙwabcinka za ta yi shekaru lafiya lau, taka ta ƙone tun ba ta ga sanyi biyu ba, alhali shago ɗaya kuka saya. Sai a ɗora wa wutar lantarki laifi, ko a ce kayan jabu ne. Wani lokacin hakan ne. Amma sau da dama idan aka kwance ƙarfen da ke zafafa ruwan, sai a tarar da shi lulluɓe da farin ɓawo mai tauri, kamar ƙanzon da ya kama gindin tukunya.

Daga ina ɓawon yake fitowa

Ruwan kogi da na dam, irin wanda Tiga ke sakowa cikin Kogin Kano, bai daɗe yana cuɗanya da duwatsu ba, don haka ma'adinan cikinsa ba su cika yawa ba. Damuwarsa ta fi zama laka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ya jima yana ratsa ƙasa da dutse, yana narkar da sinadaran kalsiyam da magnisiyam. Su biyun nan su ke sa ruwa nauyi, wato ya zama ruwan zartsi, su hana sabulu kumfa. Birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, ruwan kuma yana kwance ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa, saboda haka burtsatse biyu a layi ɗaya suna iya ba da ruwa daban.

Nauyin nan iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai wanda zafi ke fitar da shi: da zarar ruwa ya ɗau zafi, musamman daga digiri 60 na salshiyas zuwa sama, kalsiyam ɗin da ke narke sai ya koma farin dutse ya manne a wurin da ya fi zafi. Wannan shi ne mai kashe butar lantarki da hita. Akwai kuma wanda tafasa ba ta taɓa shi, yana nan a narke, aikinsa cinye sabulu da barin tabo idan ruwan ya bushe. A zafin bazarar Kano da bushewar hunturu ruwa ba ya jimawa a kan tayil ko kan famfo, yana ƙafewa ya bar farin tabo nan take.

Ana auna nauyin da miligiram a kowace lita. Daga 0 zuwa 60 ruwa ne mara nauyi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma ya yi nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyaka a 150. Don a ga girman abin: gidan da ruwansa ke da 300, hitarsa kuma tana dafa lita 50 kullum, giram 15 na ma'adini ke ratsa ta a rana, fiye da kilo 5 a shekara. Ba dukansa ke mannewa ba, amma ko kashi ɗaya cikin biyar ya zauna, kilo guda ke nan a cikin tanki.

Nauyin ruwa shi kaɗai ba cuta ba ne ga mai sha. Sai dai ruwan da ake jin gishiri-gishiri a bakinsa, musamman na rijiya mara zurfi a unguwa mai cunkoso inda masai ke kusa, ko a kewayen masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, wannan wata magana ce daban. Tafasawa ba ta raba shi da gishiri ko sinadarin naitiret, sai ma ta ƙara musu kauri. Irin wannan ruwa a kai shi ɗakin gwaji kafin a ba jariri.

Mataki na farko: a gwada ruwan kafin a sayi komai

Gwajin sabulu ba ya cin ko sisi. A samo gorar roba biyu masu haske, iri ɗaya. A zuba ruwan gida a ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ɗayar kuma a zuba ruwan sama mai tsabta ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, daidai wannan yawan. A kankare ɗan sabulun wanki na sanda ko sabulun salo a narkar da shi, a riƙa ɗiga shi daidai wa daida a kowace gora, ana rufewa ana girgizawa. Ruwa mara nauyi zai tashi da kumfa da wuri, ƙasansa ya zauna garau. Mai nauyi zai yi fari kamar an ɗiga madara, da 'yan gudaji suna yawo, kumfar kuma ta mutu nan da nan. Kada a yi gwajin da omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, domin an haɗa su yadda za su yi kumfa a kowane irin ruwa, ba za su nuna komai ba.

Daga nan a tafasa lita ɗaya a tukunya mai tsabta na minti goma, a bar shi ya huce, a tsiyaye saman a maimaita gwajin sabulun. Idan kumfa ta gyaru, kuma an ga farin gari a gindin tukunya, nauyin irin wanda zafi ke fitarwa ne, kayan da ke dafa ruwa su ne a cikin haɗari. Idan babu abin da ya canja, sabulu da tufafi za su fi shan wahala.

Wanda yake son lamba ya nemi takardar gwaji da ake tsomawa ta sauya launi, ko ruwan gwaji na ɗigo-ɗigo, wanda ya fi ta daidaito. Wasu kwalaben ma'aunin Jamus suke bi, digiri ɗaya daidai yake da kusan miligiram 18 a lita. Ƙaramar na'urar nan mai kama da biro da masu tallan matatar ruwa ke yawo da ita ba nauyi take aunawa ba. Jimillar duk abin da ya narke a ruwan take nunawa, har da gishiri. Lambarta na iya hawa alhali kalsiyam kaɗan ne.

A yi gwajin sau biyu a shekara, a tsakiyar bazara lokacin da rijiyoyi suka ja baya, da kuma ƙarshen damina. A kuma ɗebi ruwan daga famfon da kayan ke sha, ba daga bakin burtsatse kawai ba.

Launin ɓawon ma yana magana. A ɓanɓaro kaɗan a ɗiga masa khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. Idan ya yi ta tsartsatsin kumfa, kalsiyam ne, tsami zai cinye shi. Idan ja ne ko ruwan ƙasa, har yana rina farar riga da kwanon masai, akwai sinadarin ƙarfe a ruwan, kuma maganinsa daban.

Buta da hitar tsomawa

Tsami ne ke narkar da ɓawon, kuma biyu sun wadatar: garin sitirik asid, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan haɗa lemo da sabulun ruwa, ko farin khal. Sitirik ya fi ƙarfi, ba ya kuma barin wari.

A cika butar zuwa inda ɓawon ya tsaya, a ɗumama ruwan ya yi zafi amma kada ya tafasa, a cire ta daga wuta, sannan a zuba babban cokali biyu na garin, kimanin giram 30, ga kowace lita. Za a ji yana shuu, ɓawon yana sakin jiki. A bar shi minti 20 zuwa 30, a zubar, a shafe da soso mai laushi. Dalilin hana tafasawa shi ne, idan sitirik ya haɗu da ɓawo mai kauri a tsananin zafi yana iya komawa wani farin gari da ya fi na farko wuyar fita. Da khal kuwa, rabi khal rabi ruwa, a bar shi awa ɗaya. Idan ɓawon ya yi kauri, gara a maimaita sau biyu da a ninka tsamin. A ƙarshe a ɗauraye sau biyu, a tafasa ruwa a zubar kafin a dafa shayi.

Wuƙa da soson ƙarfe ba su da wuri a nan. Ƙarfen da aka karce ya fi saurin kama sabon ɓawo, kuma bakin wuƙa na iya huda elimen ɗin, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan.

Hitar tsomawa a bokiti haka ake mata, a tsoma ƙarfen kaɗai a kwano mai ruwan tsami, a cire daga soket, kada ruwan ya kai mariƙinta. Ɗabi'a ɗaya da ke rage aikin sosai: kada a bar ruwa ya kwana a buta ana ƙara sabo a kansa ana sake tafasawa. A dafa iya buƙata, a juye ragowar.

Hitar banɗaki

A nan asarar ta fi yawa, don haka a nan ya kamata a fi tsayawa. Ɓawon ba ya barin zafi ya wuce da sauri. Idan ya naɗe elimen, wayar da ke ciki sai ta riƙa yin zafin da ya wuce ƙima tana neman tura zafin waje, har ta tsinke ko rigarta ta tsage. Idan ta tsage wuta na iya shiga ruwa. Duk ranar da aka ji famfo ko shawa na ɗan ja, a kashe hitar daga bireka, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya duba elimen da wayar ƙasa. Alamun farko kuwa su ne ƙara kamar ana tafasa tsakuwa, da jinkirin ɗaukar zafi, da ruwan zafi da ke fitowa siriri.

Kariya mafi sauƙi ita ce tamostat, na'urar da ke ƙayyade zafin da ruwan zai kai. A saita ta a digiri 60, ba a ƙarshen maɓalli ba. Sama da haka ɓawo na taruwa da sauri, ƙasa da 55 kuma ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ruwan da ke kwance.

Wankin shekara-shekara ya fi dacewa kafin shigowar sanyi, wajen watan Oktoba. A kashe wuta daga bireka a tabbatar da abin gwaji cewa babu ita. A rufe ruwan da ke shiga, a bar tankin ya huce, a buɗe famfon ruwan zafi don iska ta shiga, a tsiyaye ruwan ta ƙasa. Kafin a cire wayoyi a ɗauki hotonsu da wayar hannu. A zare tamostat, a kwance notocin da ke riƙe da elimen, a ja shi a hankali da bokiti a ƙasa, domin ragowar ruwa da tsakuwar ɓawo za su biyo. A kwashe abin da ya taru a gindin tankin da hannu, a ɗauraye. Elimen ɗin a jiƙa shi a ruwan ɗumi mai giram 50 na sitirik a lita har ɓawon ya saki, ban da wurin da wayoyi ke kamawa.

Akwai wani sandan ƙarfe mai launin toka kusa da elimen wanda mutane da yawa ba su san amfaninsa ba. Na magnisiyam ne, an sa shi ne don tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin. Idan ya zaizaye ya wuce rabi, a canja shi. Robar bakin ma a sa sabuwa, tsohuwa ba ta cika komawa ba tare da yoyo ba. A ɗaga hannun bawul ɗin kariya a ga ruwa na fita, domin ɓawo na liƙe shi, hitar da bawul ɗinta ya liƙe kuwa abin tsoro ce. Bayan an mayar da komai, a cika tankin har ruwa ya fito ta famfon zafi ba tare da iska ba, sannan a kunna wuta. Elimen da aka kunna a tanki fanko yana ƙonewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Wanki

Injin wanki mai rami biyu, wanda ya fi yawa a gidaje, ba ya dafa ruwa, don haka ɓawo ba ya damunsa sosai. Abin da ke damun uwargida shi ne tufafi su fito da tauri, farare su dushe, atamfa ta yi toka-toka. Sabulun sanda idan ya haɗu da kalsiyam yana zama dauɗa mai maiƙo da ke maƙalewa a zare. A ruwa mai nauyi omo ya fi sabulu aiki. Babban cokali ɗaya ko biyu na sodar wanki, wadda masu haɗa sabulu ke kira soda ash, a narkar a bahon ruwa minti goma kafin a sa omo, yana kama kalsiyam ɗin tun bai cinye kumfa ba. Ba soda mai ƙuna ta dafa sabulu ake nufi ba, kuma ba a sa ta ga siliki ko ulu.

Injin mai ƙofa a gaba shi ke da elimen. Duk wata uku a kunna shi babu kaya a digiri 60 da giram 100 na sitirik a cikin gangar, a bi da ɗauraya. Kada a yawaita, tsami na gajiyar da robobi. Idan injin yana jinkirin ɗaukar ruwa, a rufe famfo, a kwance tiyon baya, a zaro 'yar rariyar da ke bakin da filaya, a jiƙa ta a khal a goge da tsohon buroshin haƙori.

Ƙananan abubuwa

Kan shawa da ya fara fesa ruwa a karkace, a kwance shi a jiƙa a khal awa ɗaya zuwa biyu, ko a ɗaura masa leda mai khal. Kan famfo mai ruwan zinare ko baƙin fenti kada ya wuce minti 15. Tankin masai da ba ya daina zuba, galibi ɓawo ne ya hana robar zama daidai.

Dutsen guga mai tururi ramukansa ƙanana ne, ruwan burtsatse na toshe su har ya riƙa tofa farin gari a kan shadda. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki da aka tace da ƙyalle ya ishe shi, amma ba na sha ba ne. A juye ragowar bayan guga.

Batirin inbata mai shan ruwa ba ya son komai sai tataccen ruwan batir, wanda babu asid a ciki. Ruwan leda ko na burtsatse yana rage masa kwana, ba kuma a iya gyara ɓarnar. Lagireton mota da na babban janareto su ma ruwan da aka haɗa dominsu za a zuba. Farantan sola a wanke su da sassafe tun ba su yi zafi ba, a share ruwan da roba kafin ya bushe. Na'urar sanyaya iska mai shan ruwa kuwa, ruwan ke ƙafewa ma'adinin ya zauna, don haka a zubar da na tankinta duk mako maimakon a yi ta ƙari.

Gargaɗi biyu da ba a wasa da su. Kada tsami kowane iri ya haɗu da ruwan bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba, banɗaki kuma wuri ne matsattse. Kada kuma tsami ya taɓa dutsen mabul ko daɓen tarazo, yana cinye ƙyallinsu har abada.

Gyaran ruwan tun daga tushe

Alum laka yake kwantarwa, ba ya rage nauyi. Filtar zare da ta gawayi suna tare yashi da wari, kalsiyam kuwa wucewa yake abinsa. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututu ba mu ba da shawarar a dogara da shi ba.

Abin da ke cire nauyi da gaske shi ne tulun da ke cike da ƙwayoyin rezin, masu kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, idan sun ƙoshi a wanke su da ruwan gishiri. Lissafinsa ba wuya. Gida mai mutum 8, kowa na amfani da lita 80, lita 640 ke nan a rana. Idan nauyin ruwan 300 ne, giram 192 za a cire kullum. Lita ɗaya ta rezin tana ɗaukar kimanin giram 50, don haka tulu mai lita 25 zai yi kwana shida kafin ya nemi wanki, kowane wanki kuma zai ci gishiri wajen kilo 3. Wanda ba zai iya ɗorewa da sayen gishirin ba, kada ya fara, domin rezin da ba a wankewa tulu ne kawai ruwa ke ratsawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin dasa shi. Yana son ruwa mai ƙarfin turi, kusan 2 a ma'aunin turin ruwa da ake kira bar, alhali tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 5 rabin bar ɗaya kawai yake bayarwa. A sa shi tsakanin injin burtsatse da tanki, ko a ƙara masa injin turi. A gabansa a sa filtar yashi, idan kuma ruwan na da sinadarin ƙarfe a fara cire shi, in ba haka ba zai rufe rezin ɗin. Duk miligiram 100 na nauyi da aka cire yana barin kimanin miligiram 46 na sodiyam a lita, saboda haka a bar famfo ɗaya a kicin da bai bi ta cikinsa ba, musamman idan akwai mai hawan jini ko jariri, haka ma famfon ban ruwan shuka.

Ga ruwan da ke da gishiri a baki, rezin ba zai yi komai ba. Sai ƙaramar matatar nan ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke mai tura ruwa ta cikin siririyar fata. Tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da ɗaya, don haka ta sha da girki ce kawai, ruwan da ta zubar kuma a tara shi don shara da masai.

Idan gwaji ya nuna ƙasa da 120, wankin buta da duba hita sau ɗaya a shekara ya isa. Tsakanin 120 da 200, a ƙara da sodar wanki da ɗan kofin ƙwayoyin fosfet da ake ɗaurawa a bututun da ke shiga hita ko injin wanki, wanda ke hana ɓawo mannewa ko da yake bai cire kalsiyam ɗin ba, a kuma cika shi idan ƙwayoyin sun narke. Sai an haura 200, kuma gidan na da hita fiye da ɗaya da injin wanki mai dafa ruwa, tulun rezin yake mayar da kuɗinsa. Gidan da famfo ke zuwa masa jefi-jefi, idan da hali ya ware wa ruwan famfon tanki nasa daban, a haɗa shi da layin hita da injin wanki, na burtsatse kuma ya tafi masai, shara da wanke tsakar gida.